Tambaya da Amsa: Wane ne Langston Hughes, kuma ya taɓa zuwa Najeriya?

Tambaya: Malam, malaminmu na adabi ya ce Langston Hughes mawaƙin talakawan baƙaƙen fatar Amurka ne. Me ya sa ake ce masa haka? Kuma da gaske ya taɓa zuwa Najeriya?

Amsa: Ɗan'uwa, malaminku ya yi gaskiya. An haifi Hughes a garin Joplin na jihar Missouri, kakarsa ce ta yi yawancin renonsa a Kansas. Yana saurayi, cikin jirgin ƙasa zai je wurin mahaifinsa a Meziko, ya rubuta "The Negro Speaks of Rivers", wadda mujallar The Crisis ta buga a 1921. A cikinta ya haɗa kogin Furat da Kwango da Nilu da Mississippi, yana nuna cewa tarihin baƙar fata ya girmi bauta nesa ba kusa ba.

Abin da ya ba shi wannan suna shi ne mutanen da ya zaɓa ya waƙe: mai wanki da guga, da ɗan dako, da matar da kuɗin haya ya gagare ta, da makaɗin gidan rawa a Harlem, unguwar baƙaƙen fata a birnin New York. Da bakinsu ya yi magana, kuma ya ɗora baitocinsa kan karin kiɗan blues da jazz. Wasu 'yan bokon baƙaƙen fata suka fusata, suna ganin ya tona asirin gida a gaban Turawa, har jaridunsu suka caccaki littafinsa na 1927. Tun a 1926 ya riga ya ba su amsa a mujallar The Nation: matasan marubuta za su bayyana kansu babu tsoro babu kunya, ko Turawa sun ji daɗi ko ba su ji ba, haka ma 'yan'uwansu. A ganina, nan ne jarumtarsa take, domin sukar gida ta fi ciwo.

Batun Najeriya kuwa, ya zo. A 1923 ya zaga gaɓar Afirka ta Yamma yana aiki a jirgin ruwa. A 1960 ya halarci rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar a Legas. Dukansu tsofaffin ɗaliban Jami'ar Lincoln ta Amurka ne. Léopold Senghor, mawaƙi kuma shugaban Senegal a lokacin, shi ma ya yaba da tasirinsa, ya kuma karɓe shi a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. Hughes ya rasu a New York a 1967.