Talabijin ko kwamfuta: wacce ta dace da shagona?

Tambaya: Ina da shagon aski a Zariya. Talabijin ɗina ta ƙone, kuma dama masu jiran layi kowa wayarsa yake dannawa. In sayi sabuwa, ko in sayi kwamfuta ƙanena ya riƙa buga wa mutane takardu a gefe?

Amsa: Malam, abin da ka lura da shi gaskiya ne. Talabijin ɗin shago yanzu sai ranar ƙwallo take tara jama'a, shi ma sai ka biya kuɗin tasha duk wata. Kwamfuta kuwa tana mayar da kuɗinta, don haka ita muke ba ka shawara.

Ka nemi laftof, ka bar ta tebur. Laftof wutar wat 45 zuwa 65 take ci, kuma in an ɗauke wuta batirinta zai riƙe aikin. Ta tebur, ɗaukewa ɗaya, rubutun da ba a adana ba ya tafi. Wadda aka taɓa amfani da ita ma ta wadatar, muddin ƙwaƙwalwarta Core i5 ce zubi na 8 ko sama, mai RAM (ma'ajiyar aikin da ake kan yi) 8GB da SSD (ma'ajiyar fayiloli) 256GB. Dalilin zubi na 8 kuwa, kamfanin Microsoft ya janye tallafin Windows 10, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin waɗanda suka girmi wannan zubin. Kafin ka miƙa kuɗi, a zare caja a kunna bidiyo na minti 30 ka ga yadda batir ke sauka. Ka danna kowane maɓalli, ka kuma tabbatar ba a kulle BIOS, wato saitin farko na kwamfutar, da kalmar sirri ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne firinta. Mai garin tawada sai ta dumama kafin ta buga, tana fizgar wat ɗaruruwa a lokaci guda. Ƙaramin janaretan da ke ɗauke da fanka da injin aski shaƙewa zai yi. Mai tankin tawadar ruwa ba ta kai wat 30 ba, sai dai in ta kwana biyu ba aiki bakinta yakan bushe, takarda ta fito da zane-zane. A buga ko shafi ɗaya mai launi duk mako.

Gashi da ƙurar hunturu suna toshe fankar laftof har ta riƙa zafi tana mutuwa. A ɗora ta kan katako nesa da kujerar aski, a lulluɓe in an tashi.

Kada ka sa rajistar JAMB a lissafinka, wannan sai cibiyoyin da hukumar ta amince da su.