Ga mai tambaya kan manhajar nuna wa mai aiki zane kafin a yanka ƙarfe

Wa'alaikumus salam ƙanina na Gusau. Ka ce kana zana ƙofofi da rumfuna a takarda, mai aiki, wato wanda ya ba ka aikin, ya ce ya yarda, sai an gama walda ya ce ba haka yake nufi ba, kana tambaya ko manhajar zane ta AutoCAD za ka fara koyo. Ni a Birnin Kebbi nake wannan sana'a, kuma na sha wannan ɗacin. Shawarata ka fara da SketchUp.

Matsalarka ba ta awo ba ce, ta gani ce. Mai aiki bai iya karanta zanen takarda, amma idan ya ga rumfarsa a tsaye a allo yana juya ta, nan take bakinsa zai buɗe. A SketchUp, wadda ta fito a 2000 kuma take hannun kamfanin Trimble tun 2012, murabba'i kawai za ka zana a ƙasa, ka kama fuskarsa da abin da suke kira Push/Pull, ka ja sama, ya zama bango kana kallo. Wani Alhaji ya taɓa zama gefena ya ce rumfar shagonsa ta yi ƙasa, motar kaya ba za ta shiga ba. Na ɗaga ta yana cewa "ƙara, ƙara, to tsaya nan." Gardamar da za ta ci mana bututu huɗu ta mutu a minti biyu.

Amma don Allah ka koyi karanta launukan da take nuna maka, nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa. Layi ja da kore a ƙasa suke tafiya, shuɗi shi ne sama. Ɗigon kore ƙarshen layi ne, shuɗi mai haske kuma tsakiyarsa. Farkon koyona na ja ginshiƙi ina ganin ya miƙe tsaf, ban lura layin bai koma shuɗi ba. Da na juya zanen sai ga shi kwance a ƙasa, rufin da na ɗora masa duk a karkace. Yini guda na sake. Yanzu kibiyar sama ta kan madannan kwamfuta nake dannawa ta kulle min layin a shuɗi, ta dama ja, ta hagu kore. Kuma kada ka amince da idonka wajen tsawo: ja kaɗan, ka saki, ka rubuta lambar, za ta shiga akwatin awo da ke ƙasa ta dama.

Abu ɗaya da zai ba ka haushi, duk abin da ya taɓa wani manne masa yake yi. Da ka gama ƙofa ka dunƙule ta waje guda kafin ka kai ta jikin bango. Sandunan da ke maimaituwa kuma ka mai da su Component, wato kwafin abu ɗaya masu bin juna, ka gyara ɗaya sauran su bi.

SketchUp ba ta riƙe tarihin yadda ka gina abu, saboda haka in ka faɗaɗa ƙofa, tazarar sanduna ba za ta gyara kanta ba. Ranar da ka kai ga sassan inji masu buƙatar awo daidai, FreeCAD kyauta ce, ka koma can. Ta kyautar SketchUp a burauza take aiki, sai da intanet. Ka sayi linzamin kwamfuta (mouse) mai taya a tsakiya, da shi ake juya zane, da yatsa a kan laftof wahala kawai za ka sha.