Mutum-mutumin dutse mai fuska babu baki

Malam, ka ce ka ga mutum-mutumin dutse a kasuwar Marwa, kai ƙato, fuska babu baki, kana tambaya ko masassaƙin ne bai iya ba. A'a, da gangan ya yi. Salo ne, ana ɗaukar siffar mutum a rage ta. Marigayi Henry Munyaradzi na Zimbabuwe, ɗaya daga cikin gwanayen Tengenenge, ƙauyen masassaƙan dutse a can, da ƙananan da'ira biyu da layin hanci yake fitar da fuska.

Amma kafin ka saya, ka shafa mutum-mutumin da hannunka tukuna. Na daɗe ina sayen irinsu. Gwani yana bin jijiyar dutse, inda ya goge sumul yake, inda ya bar kaushi kuma da niyya ne. In ka ji tsaga an cike ta da siminti, kada ka saya.