Amsa: Ziyarar Kiyomizu-dera da dare

Ɗan'uwa, ka ce za ka je Kyoto ta ƙasar Japan a watan Nuwamba, kana so ka san ko da rana za ka ziyarci wurin ibadar mabiya Buddha na Kiyomizu-dera ko ka jira a kunna fitilu. Ka jira dare. Amma ka sani ba kullum ake kunna su ba. Sau 3 ne a shekara: lokacin furen sakura (itacen ceri na Japan) wajen ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, tsakiyar Agusta, sai rabin ƙarshe na Nuwamba. A waɗannan ranakun ana hana shiga daga ƙarfe 9 na dare, alhali sauran ranaku da yamma ake rufewa, don haka ka duba ranakun bana kafin ka tsayar da tafiya.

Dalilina shi ne ganyen itatuwan momiji (wato maple na Japan) da ke yin jawur a wannan lokaci. Idan haske ya doke su daga ƙasa, dandamalin katakon da ke gaban babban zauren ibadar, mai tsayin mita 13, wanda aka sake ginawa a 1633 ba tare da ƙusa ba, sai ka ga kamar a kan garwashi yake tsaye. Akwai kuma shuɗin haske guda da ake harbawa sama ta kan birnin, alamar jinƙan Kannon, abin bautar wannan wuri, a wurin mabiya Buddha. Cunkoson dai ba a magana, musamman Asabar da Lahadi. Rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, to ka yi Magariba a masauki, ka sa rigar sanyi, ka hau gangaren da ke kaiwa wurin ibadar wajen ƙarfe 8, lokacin jama'a sun fara raguwa.