Filin da aka daɗe ana fasa batir

Ɗana, jiya muna wanke shebur ka tambaye ni me ya hana mu share filin nan, mu zuba yashi kamiyo biyu mu ja igiyar gini, tunda masu fasa tsofaffin batiran sun daɗe da tashi. Na ga mai filin na tsaye, shi ya sa na ce ka bari sai yau.

Durƙusa ka tona da yatsa gindin katangar gabas, inda suke narka abinsu. Ƙasar toka-toka ce, ko tsiron ciyawa babu duk ruwan da aka sha bana. Dalmar cikin batiran ce ta shige ta. Taki kan ruɓe, mai kan bushe, amma dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta cinye ta. Ka rufe ta da yashi, ran da aka zo haƙar masai ko tushen ɗaki ta dawo sama. Sannan iskar hunturun Damagaram ka san ta, har cikin tukunyar miya take kai ƙura. Babba yakan daɗe bai ji komai ba. Yaro mai rarrafe, da hannunsa kullum ke baki, shi take kamawa a ƙwaƙwalwa.

Kana ƙarami lokacin abin Zamfara a 2010. Dutsen zinariya ake niƙawa cikin gidaje, ashe da dalma a ciki, yara sama da 400 suka rasu. Da masu gyara suka zo, gida-gida aka bi ana kankare ƙasar sama, wajen santimita 5, a kai ta rami nesa a binne, a kawo sabuwa a shimfiɗa. Bagega, ɗaya daga cikin garuruwan da abin ya shafa, sai 2013 aka samu yi mata. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su fara ba yaran garin magani ba sai da aka kwashe ƙasar, don in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi tsakar gidan da ya kwaso ciwon, ka yi aikin baban giwa.

To mu ma kwashewa za mu yi. Zurfin ba ni zan yanke ba, na gaya wa mai filin sai an auna ƙasar kafin mu fara, a sake aunawa in mun gama. Ya ɓata rai, ya ce kuɗi. Na ce to ya nemi wani magini.

Ramin binnewa ya fi kankarar ba ni tsoro. Nesa da rijiya, nesa da tafki, ba kan hanyar ruwan damina ba, a daɓe shi da laka, a rufe da kauri, a kafa alama ta siminti. Kuma duk bayan damina sai wani ya je ya duba ko ruwa ya zaizaye shi, shekara da shekaru. Na taɓa ganin inda aka jibge irin ƙasar nan bakin hanya, kafin sati masu bugun tubali sun kwashe ta a amalanke. Yanzu tana jikin ɗakin wani, Allah ya kyauta.

Gobe ka riga kowa zuwa da tanon ruwa biyu, a jiƙa wurin sosai kafin shebur ya taɓa shi. Ɗaure hanci da baki. Ba cin goro, ba shayi a filin sai an wanke hannu da sabulu. Kayan aikinka da takalmi nan za su kwana cikin buhu, kada ka shiga da su gida ƙannenka su ruga su rungume ka.