Tambaya da Amsa: Mai zanen alluna na ƙasar Jojiya, da abin da ya shafi masu fenti na Maraɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai zanen alluna ne a unguwar Sabon Gari da ke nan Maraɗi. Ina yi wa masu aski da teloli da masu shayi allunan shagunansu, ina kuma yin rubutu da ado a jikin manyan motoci. Ƙanena da ke karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya nuna mini a salularsa zanen wani masunci mai jar riga, ya ce wani mutumin ƙasar Jojiya ne ya zana shi, kuma wai shi ma allunan shaguna yake yi kamar ni, bai taɓa shiga makarantar zane ba. Ina so in san ko wane ne wannan mutum, da dalilin da ya sa ake girmama aikinsa, domin a idona yaran da nake koya wa sana'a za su iya yin irinsa. Sannan ga shi na'urorin buga hoto a kan leda suna ta ƙwace mana aiki. Shin akwai wani abin da irinmu za su ƙaru da shi a labarinsa? Daga mai zanen alluna, Sabon Gari, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙanenka ya faɗa maka gaskiya. Sunan mutumin Niko Pirosmani, kuma Jojiyar da ake nufi ita ce ƙasar da ke yankin duwatsun Kokeshas, tsakanin Rasha da Turkiyya, ba jihar Jojiya ta Amurka ba. An haife shi a shekarar 1862 a ƙauyen Mirzaani na lardin Kakheti, a gidan manoma, a lokacin da ƙasar take ƙarƙashin daular Rasha. Ya zama maraya tun yana yaro, aka kai shi birnin Tibilisi, wanda a zamanin ake kira Tiflis, ya tashi a gidan wasu masu hali yana yi musu hidima, a nan ya koyi karatu da rubutu. Zane kuwa da kansa ya koya. Ya gwada buɗe shagon rubuta alluna tare da wani abokinsa, shagon bai ɗore ba. A 1890 ya kama aiki a jirgin ƙasa, ya yi ƴan shekaru ya bari, sannan ya shiga sayar da nono da man shanu da cuku, nan ma kasuwar ta karye. Daga farkon shekarun 1900 har ƙarshen ransa ba shi da wata sana'a sai fenti, ba shi kuma da gidan kansa. Yana zagaya shaguna da gidajen abinci da mashaya na unguwar tashar jirgin ƙasa, ya zana musu allo ko ya ƙawata musu bango, su biya shi da abinci da abin sha da wurin kwana, wani lokaci da ɗan kuɗin da zai sayi fenti.

Game da cewa yaranka za su iya yin irinsa, a nan ne zan ɗan saɓa maka, kuma ina roƙonka ka sake karɓar salular ka dubi masuncin nan da idon mai sana'a. Mutumin yana tsaye cikin ruwa, da malafa a kansa, kifi a hannu ɗaya, bokiti a ɗayan. Ƙirga launukan da ke cikin zanen, za ka ga ba su da yawa, amma babu wanda za ka cire ba tare da hoton ya rushe ba. Sirrin yana cikin abin da yake zane a kansa. Pirosmani yakan yi amfani da wani baƙin yadi mai santsi, wanda aka shafe fuskarsa har ruwa ba ya ratsa shi. Maimakon ya rufe baƙin da farin fenti kamar yadda aka saba, sai ya bar shi ya yi masa aiki: inda ake buƙatar inuwa, ko gashin baki, ko takalmi, ko duhun dare, ba ya shafa komai, yadin ne da kansa yake cike wurin. Saboda haka farin da ya ɗora yakan yi haske ƙwarai, ja kuma ya yi ƙarfi. Duk wanda ya taɓa riƙe buroshi ya san cewa aiki irin wannan ba ya karɓar gyara, domin idan hannu ya kauce sau ɗaya a kan baƙar shimfiɗa, tabon yana nan. Kai ka fi ni sanin wahalar jan layi ɗaya miƙaƙƙe a jikin mota ba tare da an koma kansa ba. Yaro zai iya kwaikwayon siffar masuncin, amma sanin inda za a tsaya, da inda za a bar fili, shi ne abin da ke cin shekaru.

Sai dai ni a ganina ba ƙwarewar hannu ce ta ɗaukaka shi ba, domin a zamaninsa akwai waɗanda suka yi karatun zane a manyan makarantun Rasha da Turai, suka fi shi sanin ma'aunin jiki da nisa da kusa, yau kuma ba a ambatonsu kamar yadda ake ambatonsa. Abin da ya bambanta shi shi ne waɗanda ya zaɓa ya zana, da irin kallon da ya yi musu. Ya zana mai gadin gida da dogon gemunsa da farin ƙyallen aiki a ƙirjinsa da sanda a hannu. Ya zana mace tana tatsar saniya, da ɗan dako da kaya a bayansa, da likita a kan jaki, da mai jan raƙumi, da manoma a lokacin girbin inabi, da jirgin ƙasa na lardinsu. Akwai wani zane da ya haɗa attajirin da bai haihu ba tare da matarsa a gefe guda, da matalauciya mai ƴaƴa a ɗaya gefen, wanda duk Bahaushen da ya gan shi zai gane maganar ba tare da tafinta ba. Mutanensa yawanci suna fuskantar mai kallo kai tsaye, a tsaye cak, kamar waɗanda suka je gidan hoto cikin kayan sallah. Mai gadin ya cika allonsa kamar yadda basarake yake cika nasa, ba a ƙanƙanta shi ba, ba a kuma mai da shi abin tausayi ko abin dariya ba. Dabbobinsa ma haka suke, barewa da rago da saniya, kowannensu da ido irin na mai tunani. Har raƙumin dawa ya zana, ko da yake nasa dabbare-dabbaren fari da baƙi ne, bai yi kama da namu na Kure ba, kuma duk da haka yana cikin ayyukansa da aka fi sani.

Yadda duniya ta san shi kuwa, a 1912 wasu matasa uku masu sha'awar sabon salon zane, wato Iliya Zdanevich da ɗan'uwansa Kiril da abokinsu Mikhail Le-Dantu, suka ga zanensa a bangon wata mashaya a Tiflis, suka shiga neman mai shi da sayen ayyukansa. A 1913 aka nuna zanensa guda 4 a wani baje koli a Mosko. A 1916 ƙungiyar masu zane ta Jojiya ta gayyace shi taronta, inda ya ba da shawarar a gina babban gida a tsakiyar gari, a sayi babban tebur da tukunyar shayi, masu zane su riƙa haɗuwa suna shan shayi suna tattauna sana'arsu. Ba a jima ba wata jarida ta buga zanen barkwanci tana yi masa ba'a cewa sai ya koma ya yi karatu kafin ya zama mai zane. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya janye jikinsa daga mutane. Yaƙin duniya na farko ya riga ya kashe kasuwar mashayun da ke ba shi aiki, ga yunwa ga rashin lafiya. Ya mutu a 1918, bayan an tsince shi kwance a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakalar bene, kuma har yau babu wanda ya san kabarinsa. Bayan haka ne girma ya zo. An baje ayyukansa a Faris, babban birnin Faransa, a 1969, shahararren mai zane Pablo Picasso ya zana hotonsa a 1972, ƙasarsa ta sa fuskarsa a takardar kuɗinta ta lari 1, kuma a 2023 manyan gidajen zane a Danmak da Suwizalan sun shirya masa baje koli na musamman.

Ba na so ka ɗauki talaucinsa a matsayin abin koyi. Masu ba da labarinsa suna son ƙawata wannan ɓangare, kamar yunwa ce ta ba shi basira, alhali kuwa yunwar kashe shi ta yi, kuma rashin mai kula ya sa ayyukansa da dama suka salwanta: waɗanda ya yi a bango sun tafi da aka rushe gidajen, na kan kwano tsatsa ta cinye su. Kusan 200 ne kawai suka rage. Saboda haka ka yanke wa aikinka farashi, ka karɓi haƙƙinka, ka sa sunanka da shekara a kusurwar kowane allo, kuma kafin allon ya bar shagonka ka ɗauki hotonsa ka adana, tun da rana da ƙurar hunturu ba sa barin fenti ya daɗe a garin nan.

Batun na'urar buga hoto kuwa, ba zan yaudare ka ba, a wajen sauri da araha ba za ka kamo ta ba. Amma ka lura da abin da take bugawa. Mai kwamfuta yana ɗauko hoton daga intanet, shi ya sa za ka ga shagon aski a Maraɗi da na Kano da na Kwatano duk fuskar mawaƙi ɗaya ko ɗan ƙwallo ɗaya ce a ƙofarsu. Pirosmani ma yakan duba hotuna da zanen jaridu idan zai zana sarakunan da da mashahuran ƙasarsu, don haka duba hoto ba laifi ba ne a sana'a. Sai dai mafi ƙarfin aikinsa shi ne abin da ya gani da idonsa a unguwarsu, kuma wannan ne abin da na'ura ba ta da shi. Babu wanda zai samo maka a intanet mai shayin layinku da jerin gwangwanayen madararsa, ko mata masu suyar ƙuli-ƙuli, ko mai kilishi yana shanya a rana, ko ƴan lambun bakin Gulbi da kayan miyarsu, ko amalanke ɗauke da buhunan gero zuwa kasuwa, ko ƴan kokowa a fage. Jar akuyar Maraɗi, wadda aka san fatarta har ƙasashen waje, ban ga dalilin da zai sa a rasa ta a allon mai sayar da nama ko mai dukanci ba. Shawarata ita ce, idan tela ya ba ka aiki, ka zana kekensa da almakashinsa da irin ɗinkin da aka san shi da shi, yadda duk wanda ya wuce zai gane shagon wane ne ko da bai iya karatu ba. Kuma shawarar da Pirosmani ya bai wa ƴan'uwansa masu zane a 1916 ba ta fi ƙarfinku ba: ku masu fenti na garin nan ku samu wurin zama ɗaya, ko da sau ɗaya a mako, ku daidaita farashi, ku duba aikin juna, ku kuma nemi wata makaranta ko gidan matasa su ba ku bango ku baje abin da kuka yi.

TAMBAYA: Malam, ni malamar lekol ce a Tibiri. Na ji an ce yawancin zanen wannan mutum na mashaya giya ne. Ya dace in nuna wa ɗalibaina? Kuma ina ake samunsu?

AMSA: Malama, sannu da ƙoƙari. Gaskiya ne cewa cikin ayyukansa akwai zanen walima da yawa, maza zaune a dogon tebur mai farar shimfiɗa, ga gurasa da kifi da kaza, suna riƙe da ƙahonin da suke shan giyar inabi da su. Jojiya ƙasar Kiristoci ce wadda noman inabi ya daɗe a cikinta, kuma masu mashaya ne suke ba shi aiki, don haka abin da ke gabansa ya zana. Ba dole ba ne ki nuna wa yara waɗannan. Masuncin da mai tatsar saniya da mai jan raƙumi da dabbobin sun ishe ki darasi, kuma za ki iya biyo su da cewa kowane yaro ya zana kayan sana'ar gidansu. Idan akwai iyayen da ke da damuwa game da zana abu mai rai, wannan magana ce ta malaman addini, a tambaye su, kuma akwai fili mai faɗi ga yaran a zanen kayan aiki da kayan lambu da adon bango irin wanda ke tsofaffin gidajen Birni a Damagaram.

Ainihin zanen kuwa, kusan 150 suna hannun gidan tarihi na ƙasar Jojiya a Tibilisi, wasu kaɗan suna garin Signagi kusa da ƙauyensu, akwai kuma gidan tunawa da shi a Mirzaani. Idan kika rubuta Niko Pirosmani a wurin neman hotuna na intanet za ki same su da yawa. Ki zaɓi masu girma, ki buga su da launi, domin a bugun fari da baƙi jar rigar masuncin da baƙin yadin suna cuɗewa, yaran ba za su ga inda fenti ya tsaya da inda aka bar shimfiɗar ba.