Kafin ka taɓa J da K da L

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya kafin na yi tagumi. Kana tambaya ko ya halatta mai tace bidiyo ya sauya aikin maɓallai a manhajar Premiere Pro ya jera su yadda ransa yake so, ko kuwa barin su yadda aka same su al'ada ce ta masu sana'a wadda ba a ƙetarewa. Kalmar "halatta" ce ta ba ni dariya, sai ka ce fatawa ka zo nema. Abin da ya dame ni kuwa shi ne ka ce ka riga ka sauya goma sha biyu a dare ɗaya, alhali watanka uku kacal da fara aiki.

Lokacin da na shiga wannan sana'a babu abin sauyawa. Da kaset ɗin U-matic muke aiki, daga baya Betacam, inji ɗaya yana kunnawa ɗaya yana naɗa, sai wani ɗan kewayayyen abu da ake murzawa gaba ko baya. Da kwamfuta ta zo mana da manhajar tace bidiyo ta Avid, maigidana ya ɗauke linzaminta ya kulle a aljihun tebur har mako guda, ya ce yatsu uku su zauna a kan J da K da L, wato baya, tsaya, gaba, sannan I da O da ke samansu su riƙa nuna mafari da maƙarar yanki. Yakan ce aikin ido kallon hoto, hannun da yake neman izinin ido kafin ya motsa bai koyi komai ba tukuna.

Akwai wani dare da ba na mantawa. Mu biyu muke amfani da na'ura ɗaya, abokin aikina da rana, ni da dare. A Avid, V yana cusa yanki ya tura abin da ke gabansa, B kuma yana rufe abin da ya tarar ba tare da ya motsa komai ba. Abokin nan ya musanya su don jin daɗin yatsansa, ya tafi gida bai ce uffan ba. Na zauna ina ɗora hotuna a kan wata doguwar hira, ina danna B cikin sauri, hankalina yana kan kaset na gaba, ashe duk dannawa tana tura hoton gaba tana barin sauti a inda yake. Sai da mai shirya shirin ya shigo, saura awa ɗaya a watsa, muka kunna daga farko, muka ga bakin dattijon da aka yi hira da shi yana motsi bayan muryarsa ta daɗe da wucewa. Na yi nisan da warwarewa ɗaya bayan ɗaya ba za ta fisshe ni ba, na sake jera komai hannuna yana rawa. Washegari maigidanmu bai yi wa abokina faɗa don ya sauya ba, faɗan da ya yi shi ne don ya sauya a ƙarƙashin sunan da kowa yake shiga da shi. Ya ce wuƙarka ka wasa ta yadda kake so, ta gida kuwa ka mayar da ita yadda ka ɗauko.

Ni kaina daga baya na mayar da yanka, wanda Premiere ta ɗora a Ctrl da K, zuwa maɓalli ɗaya ƙarƙashin hannun hagu, amma sai bayan na shekara ina jin inda yatsa yake gajiya. Ku yanzu sai ku kwaso tsarin wani daga intanet ku ɗora, ba ku san ma Q da W suna datse yanki har wurin da kuka tsaya su rufe giɓin ba. Idan ka buɗe taswirar maɓallan da Ctrl da Alt da K, manhajar tana gargaɗinka idan wani umarni ya riga ya mallaki maɓallin da kake so, na kuma san halinku, ba ku karanta gargaɗi. Ka adana tsarinka da sunanka, ka kwafi fayil ɗin a filashi, domin ranar da za ka zauna a kwamfutar wani tana nan tafe.

Ka rubuto mini sha biyun nan, da abin da kowannensu yake yi kafin ka taɓa shi.